Bugun Aro

Kati ba shi da zuciya, Baba.
Na faɗa maka haka a Tainan,
daren da ruwa ya hana babura fita,
kana zaune a shagon da ka daina buɗewa,
talabijin goma sha ɗaya a bayanka, duk sun makance.

Ba batir, ba agogo.
Ɗan tambarin zinariya ne a goshin roba,
yana kwance a aljihu kamar kwaɗo a ƙasan rani,
har sai na'ura ta haɗiye rabinsa,
ta shayar da shi wuta, ta ara masa bugu,
sannan ya farka ya faɗi ko shi wane ne.

Ka ce, "Bugu nawa?"
Na ce ya danganta da maƙerin.
Wata miliyan huɗu a daƙiƙa,
wata huɗu da ɗigo takwas don zumuɗi,
amma tsofaffin da na koyi aiki a kansu
uku da rabi ne da 'yan kai.

Sai ka ajiye shayi.
Ka ce, "Karanto min 'yan kan."
Na soma: uku, ɗigo, biyar, bakwai, tara...
Ka ƙarasa: biyar, huɗu, biyar.

Ka jawo gwangwanin biskit daga ƙasan tebur,
ka zazzage shi a tafin hannuna.
Kiristal ne, ƙanana kamar haƙoran akuya,
kowanne da ƙafa biyu, kowanne da lambar a ƙirji.
"Wannan ai launi ne," in ji ka.
"Shi ke hana fuskar mai karanta labarai yin kore.
Da shi na biya kuɗin makarantarki, Ya-chi,
yanzu kuma kin zo kina gabatar min da shi?"

Araha ce ta kai shi can, Baba.
An ƙera shi kamar yashi saboda talabijin,
masu kati suka tsince shi a kasuwa,
suka raba da ɗari uku da saba'in da biyu,
abin da ya fito ya yi daidai da saurin maganar inji,
ko kusa da daidai,
kusa kuwa ta ishi mai neman sauƙi.
Tsohon ruwa, sabon tulu.

Shekara uku ke nan da wannan dare.
Yau muna asibiti, hawa na huɗu.
Nas Chiu ta zura katinka na lafiya,
kafin ta ɗaga ido ya amsa:
Lai Chun-sheng.
Kai kuwa an tambaye ka wace rana ce,
kana kallon labule.

Akwai ladabi a dokar katin nan
wanda ban lura da shi ba sai yanzu.
Komai gudun na'ura,
gaisuwar farko da tsohon taku ake yin ta.
Sai kati ya ce zai iya, sannan a ƙara sauri.
In bai ce ba, a haka za a ƙarasa zancen.

Amma dokar tana da iyaka:
bugu dubu arba'in ba amsa,
na'ura ta ɗauke wuta, ta ce babu kowa.

Ni ba a rubuta min wannan ba.

Likita ya dubi agogonsa sau biyu.
Na sa yatsuna a wuyan hannunka
ina ɗan bubbugawa, a hankali,
kamar yadda kake yi wa gefen akwati
idan hoto ya ƙi tsayawa.
Motar shara ta wuce a ƙasa da kiɗanta.
Shayin da na siyo ya huce.

Can ka juyo, ka sunkuyo kunnena.
"Ya-chi," ka ce,
"fuskar mutumin nan ta yi kore.
A duba masa kiristal."